Sarki Biyu A Dandali Ɗaya: Wahalar Haɗa Makaɗan Rok Da Okestira

A daren Laraba, ran 24 ga watan Satumba, 1969, jama'a suka hallara a babban zauren nan na Royal Albert Hall da ke birnin Landan, wanda ke ɗaukar mutum fiye da 5,000, domin su ga wani abu da waɗansu suka ce ba zai yiwu ba, waɗansu kuwa suka ce ko da zai yiwu bai kamata a yi shi ba. A kan dandali ga makaɗan okestirar Royal Philharmonic zaune sahu-sahu cikin baƙaƙen kaya, kowa da takardar kiɗansa a gabansa. A tsakiyarsu kuma ga waɗansu samari biyar masu dogon gashi, sun kafa ganguna da jita da akwatunan lasifika. Su ne 'yan ƙungiyar Deep Purple, makaɗan rok. Wanda aka ɗora wa nauyin haɗa kan ɓangarorin biyu shi ne Malcolm Arnold, ya tsaya gabansu ba shi da wani makami sai siririyar sanda a hannu.

Daga wannan dare zuwa yau ƙungiyoyin rok da dama sun gwada irin wannan gamayya, a Ingila da Kanada da Amurka da Jamus har da Ostireliya. Waɗansu sun fita kunya, waɗansu sun tafka asarar da ta kusa karya su. Amma kusan dukkansu matsala guda suka tarar, wadda Bahaushe ya riga ya taƙaita tun da daɗewa, da ya ce ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Takarda Da Kunne

Okestira, ga wanda bai saba da ita ba, taron makaɗa ne irin na gargajiyar Turai, daga mutum 70 har zuwa 100. Fiye da rabinsu masu goge ne, manya da ƙanana. Idan okestira ta cika sukan kai mutum 60. Bayansu akwai masu busa sarewa da wata aba mai kama da algaita, sa'an nan masu ƙahonin tagulla irin na 'yan badujala, can ƙurya kuma masu tambura da kuge. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke buga abin da ya ga dama. Kowane sauti a rubuce ya ke, da tsawonsa, da ƙarfinsa, da wurin da za a yi shiru. Madugunsu, watau mai sandan nan, shi ke nuna lokacin farawa, shi ke jan taku ko ya sassauta shi, kuma idon kowa yana kansa.

Kiɗan rok kuwa a Amurka ya tashi cikin shekarun 1950, tushensa daga kaɗe-kaɗen baƙar fatar ƙasar, kafin samarin Ingila su karɓe shi su ƙara masa ƙarfi. Ƙungiyar rok ba ta cika wuce mutum huɗu ko biyar ba: mai jita, mai jitar nan mai kaurin murya, mai ganguna, mawaƙi, wani lokaci da mai ogan. Yawancinsu da kunne suka koya, suna maimaita faifai har ya zauna musu, sa'an nan suka goge a gidajen rawa. Waƙar da suka yi jiya cikin minti 5, yau tana iya kaiwa minti 15 idan mai jita ya ji daɗin hannunsa. Ba su da madugu mai sanda. Mai ganguna shi ne agogonsu, shi kowa ke saurare, sauran bayani kuwa da ƙifta ido da gyaɗa kai a ke yin sa.

Jon Lord, mai ogan na Deep Purple, yana da ƙafa a gidajen biyu. An haife shi a garin Leicester a 1941, ya fara koyon fiyano irin na Turawan da tun yana yaro, ya iya karanta kiɗa ya kuma iya rubuta shi. Ya daɗe yana faɗin cewa yana so ya rubuta wani dogon kiɗa wanda zai haɗa ƙungiyarsa da okestira. Manajansu, Tony Edwards, ya ɗauki maganar da gaske fiye da yadda mai ita ya zata, ya je ya kama zauren Albert Hall, ya sa rana. Daga nan ba sauran ja da baya. Lord ya shafe watanni yana rubutu da tsakar dare bayan sun taso daga wasa, har ya kammala abin da ya sa wa suna Concerto for Group and Orchestra, mai kashi uku, mai tsawon fiye da minti 50.

Sa'ar da ya taka ita ce samun Malcolm Arnold. Wannan mutum ba ƙaramin suna ba ne a ƙasarsa. Ya taɓa zama babban mai busa ƙaho a okestirar London Philharmonic, ya kuma ci lambar Oscar saboda kiɗan da ya yi wa fim ɗin The Bridge on the River Kwai na 1957. Da ya duba rubutun Lord sai ya yarda zai riƙe sanda.

Ranar gwajin farko ne aka gane cewa takarda ba ita ce babbar wahala ba. Da yawa daga cikin makaɗan okestirar kallon raini suka yi wa samarin. Lord ya sha ba da labarin yadda wata mai babban goge ta miƙe ta ce ita ba ta shiga Royal Philharmonic domin ta yi kiɗa da masu kwaikwayon Beatles ba. Waɗansu suka riƙa jan baka a kan tsirkiya kamar waɗanda aka sa dole. Sai da Arnold ya dakatar da gwajin, ya wanke su tas da kalmomin da ba za su bugu a jarida ba, sa'an nan aka soma kiɗa na sosai. Ba a can kaɗai a ke da ƙorafi ba. A cikin Deep Purple ɗin ma, Ritchie Blackmore mai jita da Ian Gillan mawaƙi ba su so aikin ba, domin a ganinsu yana cinye lokacin da ya kamata a ba sababbin waƙoƙin rok. Gillan, wanda bai fi 'yan watanni da shiga ƙungiyar ba, bai rubuta baitocin da zai rera ba sai dab da ranar wasa.

Goge Goma, Jita Ɗaya

Matsalar da ta fi saurin bayyana ita ce ta ƙara. An gina okestira ne tun kafin zuwan lantarki, saboda haka ƙarfinta daga yawan hannuwa ya ke fitowa. To, amma kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na kasuwa. Idan aka haɗa goge 10 suna kiɗa tare, ƙarar da suka ƙara a kan ta goge ɗaya ba ta wuce desibel 10 ba, watau ma'aunin da a ke auna ƙara da shi, kuma a kunne wannan bai fi ninki biyu ba. Mai jita kuwa da ɗan yatsa zai murɗa maɓalli ya sami wannan ƙarin, ya sake murɗawa ya ninka. Deep Purple ɗin nan ita ce daga baya littafin Guinness ya rubuta a matsayin ƙungiyar da ta fi kowace ƙara a duniya, bayan wani wasa da ta yi a gidan Rainbow na Landan a 1972 inda aka auna desibel 117. Idan irin wannan tsawa ta tashi, masu goge 60 sai dai a ga hannuwansu na motsi.

Mai karatu zai ce, ai sai a sa wa kowane goge makirufo. Haka a ke yi, amma makirufo ba shi da zaɓi. Wanda aka kafa gaban goge yana ɗaukar gangunan da ke bayansa fiye da gogen, sai ya zama duk ƙarin da aka yi wa goge, ganguna aka ƙara wa. In aka matsa kuma lasifika ta kama kururuwa. Shi kansa zauren Albert Hall, wanda aka buɗe a 1871, ya yi ƙaurin suna wajen amsa kuwwa, har sai da aka rataye waɗansu manyan faya-fayai a rufinsa a ƙarshen shekarun 1960 domin a rage ta.

Akwai kuma asarar da ba a cika lura da ita ba. Daɗin okestira yana cikin tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa: sarewa guda tana iya riƙe zaure duka, can kuma ƙahoni su fashe. Kiɗan rok a sama ya ke farawa, a sama ya ke zama. Idan aka ɗaga okestira da lantarki domin ta kamo shi, raɗar nan ta tafi ke nan.

Batun ya wuce na daɗin kunne, ya kai ga lafiya. Mai goge da kunnensa ya ke cin abinci, da shi ya ke gane ko yatsansa ya sauka daidai a kan tsirkiya. A Ingila, tun daga watan Afrilu na 2008 dokar ƙara a wurin aiki ta shafi makaɗa, kuma ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya kare kunnuwan ma'aikatansa idan ƙarar da su ke sha a yini ta kai desibel 85. Saboda haka duk okestirar da za ta zauna kusa da gangunan rok sai an yi shawara a kan inda kowa zai zauna tun kafin a buga ko sau ɗaya.

Wa Ke Riƙe Da Lokaci?

Amma ainihin rikicin sarautar a kan lokaci ya ke. Makaɗan okestira da ido su ke bin taku, kuma sun saba sautinsu ya fito jim kaɗan bayan saukar sanda, domin babban goge da ƙaho ba sa amsawa nan take, sai an ja ko an hura kafin murya ta cika. Taku a wurinsu abu ne mai numfashi, a ja shi nan, a sassauta can. Mai gangunan rok kuwa bugunsa kamar saukar guduma ne, kuma duk armashin kiɗan yana ga rashin gocewarsa. Idan madugu ya ce shi za a bi, mai ganguna ya zama ɗaurarre, kiɗan ya mutu. Idan aka ce mai ganguna za a bi, madugu ya koma ɗan aike, yana saurare da kunne yana fassara wa mutum 80 da hannu, kuma kafin saƙon ya isa an riga an wuce wurin.

Faɗin dandali ma yana da nasa sharri. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 ne a daƙiƙa guda. Mai goge da ke zaune mita 20 daga ganguna yana jin bugu bayan kusan kashi 6 cikin 100 na daƙiƙa. A magana wannan ba kome ba ne, amma a kiɗa mai sauri ya isa ya sa gefe guda na dandali ya riƙa jan ƙafa a bayan ɗaya gefen, alhali kowa na rantsuwa shi daidai ya ke bi.

Sa'an nan ga batun kiɗan da a ke ƙagowa nan take. Lord ya bar wa Blackmore fili a kashi na farko domin ya nuna gwanintarsa shi kaɗai, da iyakar da aka shirya. A daren wasa Blackmore ya shiga, ya ji daɗi, ya zarce iyakar da nisa. A wasan rok na yau da kullum wannan abin yabo ne, abokansa sai su bi shi har ya gaji. Amma a nan ga mutane da dama riƙe da kayan kiɗa, kowa ya ƙirga inda zai shigo, kuma takarda ba ta san an ƙara kome ba. Sai da Arnold ya tsare su, yana kallon mai jita yana jiran alamar sauka, sa'an nan ya shigo da su gaba ɗaya. Da madugun bai kai Arnold sanin aiki da sanyin rai ba, da nan abin ya watse.

Abin da ya ceci wannan dare shi ne Lord ya san da rikicin, bai kuma ɓoye shi ba, sai ma ya mai da shi jigon aikin. A kashi na farko okestira ta yi ta kiɗanta na mintoci, ƙungiyar ta faɗo mata kamar 'yan hari, aka yi ta musayar wuta. A na biyu suka fara sauraron juna, Gillan ya rera baitocinsa. Sai a na uku ne suka haɗu a taku guda, inda Ian Paice ya sami filin gangunansa. Watau mafi yawan lokaci ba a tilasta wa sarakunan biyu yin magana tare ba, kowa aka ba shi zamaninsa. Jama'a suka yi ta tafi har sai da aka maimaita wani yanki na kashi na uku. Masu sharhi a jaridu kuwa suka rabu, waɗansu suka yaba, waɗansu suka ce an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Ita ƙungiyar sai ta tarar da wata sabuwar wahala: masu shirya wasanni suka soma ɗaukarta a matsayin mai yawo da okestira, har a kan tambaye su ina sauran makaɗan. Blackmore ya nace a koma ga rok tsantsa, kuma faifan da suka fitar a 1970, Deep Purple in Rock, shi ne ya kafa sunansu.

Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya kowa ya so ya gwada. Procol Harum ta yi nata da okestirar Edmonton ta Kanada a watan Nuwamba na 1971, faifan ya karɓu ƙwarai. Rick Wakeman ya yi da London Symphony a watan Janairu na 1974. Frank Zappa kuwa ko dandali bai hau ba: hukumar Albert Hall ta soke wasansa da Royal Philharmonic a watan Fabrairu na 1971 saboda ta ce kalmomin waƙoƙinsa na batsa ne. Ya kai ƙara kotu, ya faɗi.

Ciyar Da Mutum 70

Duk waɗannan wasan dare ɗaya ne ko biyu. Waɗanda suka ce za su ɗauki okestira su yi rangadi da ita su ne Emerson, Lake and Palmer, mutum uku da su ke kan ganiyarsu a 1977. Suka ɗauki makaɗa da mawaƙan amshi kimanin 70, da madugu Godfrey Salmon, suka shiga biranen Amurka da Kanada. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da albashi, da ɗakin otel, da abinci, da kujerar mota ko jirgi, ko an yi wasa ko ba a yi ba. Bugu da ƙari, ƙa'idojin ƙungiyar ƙwadago ta makaɗa sun iyakance nisan tafiyar da za a yi da su da yawan wasannin da za su yi. Ƙungiyar rok ta saba ta yi wasa yau a nan, ta kwana a hanya, gobe ta yi a wani gari. Okestira ba ta san wannan ba, kuma tana da gaskiyarta.

Ba a yi nisa ba lissafi ya ƙi fita. Aka sallami okestirar, ba a sake kiranta ba sai domin wasannin Madison Square Garden na New York, da babban wasan da aka yi ran 26 ga watan Agusta a filin Olamfik na Montreal gaban mutum fiye da 70,000. Asarar ta kai miliyoyin daloli. Mutanen uku suka ci gaba da yawo su kaɗai har cikin 1978 suna cike gurbin da aka haƙa.

Darasin ya shiga. Masu irin wannan rangadi daga baya sai suka riƙa tafiya da takardu da madugu, su ɗauki makaɗan kowane gari da suka sauka. Haka ƙungiyar The Who ta yi a 2019. Kuɗi ya ragu, amma an sayi wata wahalar: mutanen da ba su taɓa ganin juna ba za su yi gwaji na 'yan sa'o'i da rana, su hau dandali da dare. Abin da ke sa haka ta yiwu shi ne gwanintar nan ta karanta takarda wadda 'yan rok ke yi wa dariya.

Abin Da Na'ura Ta Gyara

A ran 21 da 22 ga watan Afrilu, 1999, ƙungiyar Metallica, wadda kiɗanta ya fi na Deep Purple nauyi da sauri, ta hau dandali da okestirar San Francisco a garin Berkeley, Michael Kamen na riƙe da sanda. Zuwa wannan lokaci kayan aiki sun canja. A irin waɗannan wasanni yanzu a kan maƙala ƙaramin makirufo a jikin kowane goge, a kewaye ganguna da garkuwar roba mai kama da gilashi, a kawar da akwatunan jita daga kusa da masu goge. Makaɗa kuma suna sa 'yar na'ura a kunne wadda ke kawo musu sautin kowa a lokaci guda, ba tare da jinkirin iska ba. Sau da yawa har a kan saka musu wani ɗan ƙas-ƙas na inji mai ƙirga taku, wanda madugu da mai ganguna duka za su bi.

Wannan dabara ta ƙarshe ta kashe gardamar sarauta, amma ta hanyar tuɓe sarakunan biyu ne a naɗa inji. Mai jita ba shi da halin zarcewa irin ta Blackmore, madugu ba shi da halin jan numfashi. Wasa ya kan fita tsaf, sai dai wani lokaci kamar an wanke masa gishiri.

Abin da na'ura ba ta gyarawa shi ne rubutun kansa. A wasanni da yawa okestira ado ce kawai: a tara ƙwararru 80, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a makarantar kiɗa, a sa su jan dogon sauti guda a bayan jita, aikin da mai ogan ɗaya zai yi da hannun hagu. Kamen ya guje wa wannan. Ya rubuta wa okestirar nata layin dabam, mai ratsa waƙoƙin Metallica yana amsa musu, wani wuri ma yana ja da su. Waɗansu masu sauraro suka ce cunkoso ya yi yawa, amma ba wanda ya ce ba a ji okestira ba. Ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen faifan, The Call of Ktulu, ya ci lambar Grammy a 2001. Kamen ya rasu a 2003, kuma ɓangarorin biyu sun sake haɗuwa a San Francisco a watan Satumba na 2019.

Takardun Da Suka Ɓace

Shi kuwa aikin Jon Lord, ƙaddararsa ta nuna wani bambancin da ke tsakanin gidajen biyu. Bayan an sake yin sa a Hollywood Bowl ta Los Angeles a watan Agusta na 1970, sai takardun suka ɓace. Da waƙar rok ce, da ba a yi asarar kome ba, tun da ya ke tana cikin kawunan masu ita. Amma okestira ba ta kiɗa da ka. Kusan shekara 30 ba wanda ya iya sake yin aikin, har shi mai shi.

Wani mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Holan, Marco de Goeij, shi ya ɗaukar wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Ya zauna da faifan 1969 da fim ɗin da aka ɗauka a daren, yana saurare yana kallon hannuwan makaɗa, yana rubuta abin da kowane kayan kiɗa ya yi. Ya kai wa Lord, suka cike sauran tare da madugu Paul Mann. A ran 25 da 26 ga watan Satumba, 1999, Deep Purple ta koma Albert Hall, wannan karo da London Symphony, Steve Morse kuma na riƙe da jita a madadin Blackmore wanda ya riga ya bar ƙungiyar.

Lord ya bar Deep Purple a 2002 ya koma rubuta kiɗan okestira. Burinsa na ƙarshe shi ne a ɗauki aikin a ɗakin ɗaukar sauti, inda za a iya auna kowace murya yadda ya ji ta a kansa tun farko. Aka yi haka da okestirar Liverpool a 2011, Paul Mann na riƙe da sanda. Yana fama da ciwon daji aka kammala haɗa faifan, ya kuma saurare shi. Ya rasu ran 16 ga watan Yuli, 2012, yana da shekara 71, faifan ya fito bayan 'yan watanni.